Alwala Ce Ta Cece Ni A Ƙarƙashin Ruwa

Jama'a, na ci! Satifiket ɗin nutso yana hannuna. Ni ɗin nan dai, da ko a wanka ba na son ruwa ya daɗe a fuskata.

Ku ji yadda aka yi. Binciken mastas ɗina a kan murjanin ƙasan teku ne. Sufabaizata ta ce ƙarshen samista za mu tsibiri ɗebo samfur, kuma magana ɗaya ce: mai satifiket ya shiga ruwa, marar shi ya zauna a jirgi yana manna wa kwalabe lamba. Wato in taso tun daga Gusau in zo in yi aikin manne? Ina!

Matsalar, iyona na kare ne. Ina firamare Hajiyarmu ta ritsa ni a bakin kududdufi, ta ba ni abin da ta ba ni, daga nan muka raba gari da ruwa.

Haka na riƙa hawa jirgin ƙasa na LRT daga unguwarmu Taman Melati, a nan ƙasar 'yan Malay inda nake karatu, duk Asabar zuwa wurin koyon nutso. Malamar wata 'yar Malay ce, gajeriya, ba ta rufe magana sai da lah. Gwajin iyo na tsallake shi da rigingine, tunda ba a ƙayyade lokaci ba. Wani tsoho a layin gefe ya gama nasa, ya sa kaya, ya dawo da kofi yana kallona.

Tukunyar iska a baya, tiyo a baki, duk na saba. Inda aka samu matsala shi ne gilashin fuska. Sai ka durƙusa a ƙasan ruwa, ka cire shi, ka mayar, ka hura iska ta hanci ruwan cikinsa ya fita. Ni kuwa ruwa na taɓa min hanci sai in zuƙe shi, in yi sama ina tari kamar tsohon janareta. Sau uku! Malama ta ce, "Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe lah."

Da yamma a mamak, gidan abincin da muke zuwa, na kasa cin roti, gurasarsu. Abokin ɗakina, wani Bakano ɗan injiniyarin, ya janye farantin gabansa.

"Mutumina, wai ruwa a hanci ne ya kayar da kai?"

"Baaba, ba ka san abin ba ne."

"Sau nawa kake alwala a rana?"

"Biyar."

"Ko dai tsallake shaƙa ruwa kake yi? Faɗa min yanzu, in daina bin ka salla."

"Kai, Allah ya shirye ka!"

"To ka shaƙa da kanka ba ka mutu ba. Nan ma ba a ce ka shaƙa ba, facewa kawai ake so. Rabin aikin ne fa, malam."

Wallahi satin nan kaf, in na idar da alwala sai in tsoma fuska a bokiti, in face. Shi kuma yana bakin ƙofa yana ihu da yaren Malay, "Boleh, za ka iya, kifin Gusau!"

Ranar Asabar na durƙusa, na cire gilashi. Ruwa ya taɓa hanci, ƙirji ya buga, ƙafa ta ce mu gudu. Na ce mata zauna, alwala muke. Na mayar, na danne samansa, na ɗaga kai, na face. Fes! Sai ga malama tana min tafi a cikin ruwa. Nutson teku da ya biyo baya kuwa kamar shan fura.

Na kai wa sufabaiza satifiket, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "To wa zai manna lamba yanzu?" Na ce Farfesa, ina da wani Bakano mai son ganin teku.

Don Allah ku tura wa duk ɗan'uwan da ruwa ke ba tsoro. Hajiyarmu kawai za ku tsallake, ita da bakina zan faɗa mata.