Anti Luba, Wadda Ta Tambayi Sunana

Anti Luba ta rasu. Da safen nan ina sa hijabin makaranta na ji Baba a bakin ƙofa yana faɗa wa Umma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu hijabin yana jikina, ban iya zuwa ko'ina ba.

Ban saba rubutu a nan ba. Ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai teburin inshorar lafiya ta ma'aikata a asibitinmu. Kullum tambayoyin iri ɗaya ne, kuma ban taɓa ganin ta gaji ba. Tsohuwata tana cikin inshorar? In an canza mini wurin aiki fa? Wani ya taɓa tambaya ko ƙanensa da ya zo daga Ƙonni zai iya ganin likita da katinsa. Ta ɗaga katin ta ce, "Alhaji, hoton ga da gemu. Ƙanenka ko gashin baki bai hwara ba." Shi ma sai da ya yi dariya, sannan ta nuna masa inda za su bi.

Ni ina da sikila, kuma ni ce 'yar fari. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a ƙauyen Araba. Baba malamin firamare ne, kuma saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba. Ta-Araba yake ce mini. Ranar da aka yi wa malamai rajistar inshorar, doka ta ba shi gurbin mata da 'ya'ya huɗu. Aka ce ya faɗi sunayensu a gaban abokan aikinsa. Ya faɗi ƙannena uku, bai faɗi nawa ba.

Ban san haka ba sai da na dawo gari na shiga sakandare, ciwon ya tashi. Baba ya kai ni asibiti, ina kwance a benci ina jin ƙasusuwana kamar ana daka su. Anti Luba ta duba kwamfuta.

"Malam, uku nika gani. Wagga hwa?"

"Ta gida ce," in ji Baba, idonsa a ƙasa.

"Riƙo ce? Don in riƙo ce, ba ta shiga kai tsaye."

 Na ga gumi a wuyan Baba.

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Goshin ga ba na riƙo ba ne. Malam, tai ka sawo mata ruwa."

Da ya fita, ta zagayo ta durƙusa a gabana. "Ke ce ta hwari ko? Ni ma ubana har ya koma ga Allah 'Ke' yake ce min. Mi as sunanki?"

Na faɗa a hankali. Ta ce in ƙara, ba ta ji ba. Na san ta ji.

Ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce maganin ranar ba zai shiga ba, sai an kawo takardar haihuwa da hoto, sannan a jira. Da katin ya fito, a hannuna ta sa shi.

Tun daga nan, duk zuwan da zan yi karɓar magani sai ta ciro mini dabino daga jakarta. Sai ta tambayi ko ina shan ruwa. Da ta ji ina son Chemistry ta koma ce mini Likita, a gaban mutane, ni kuwa in rasa inda zan sa fuskata.

Makon jiya ne ganinmu na ƙarshe. Ta rame, amma ta ce gajiya ce. Ta riƙe katina ta ce, "Likita, bayan Sallah in kin cika sha takwas, katin ga zai tsaya. Akwai hanyar da uba ke ƙara ɗan da ya girma, amma shi zai zo ya nema da bakinai. Kawo min shi, na san yadda nika yi da shi."

Da na ji rasuwarta, bayan kuka, tsoro ne ya kama ni. Wanda zai zauna a kujerar bai san goshinmu ba.

Ɗazu Baba ya dawo daga jana'iza. Ya tsaya a bayan labulen ɗakinmu, bai shigo ba.

"Marigayiya ta tare ni kan maganar katin ga," ya ce. "Litinin mu tai."

Na ce, "Baba, za su tambaya."

 Ya ce, "Su tambaya. In ce musu Zulaihatu ta, ɗiyata ta hwari."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai yau. Ga shi ba ta nan balle in je in faɗa mata.

Ya Allah, yadda ta nemo mini gurbi, Ka ba ta nata a Aljanna Firdausi. Ka yafe mata, Ka haskaka makwancinta, Ka ba iyalinta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya sa ta a addu'a. Lubabatu ne sunanta, ku kira shi.