Layin Burtali

Ina shekara ta biyu da fara koyar da labarin ƙasa a wata kolej a Gure aka tura mu horo Damagaram. Muka dawo da sabon tsari: malami ya daina karanto darasi yara suna kwafa, ya bar su su gina shi daga abin da suka riga suka sani. Na yarda da tsarin. Har yau ban ce ƙarya ne ba.

Na kasa ƴan ajina rukuni-rukuni, na ce kowane ya zana taswirar ƙauyensu. Wani rukuni ya haɗa yara biyu daga ƙauye ɗaya ta wajen Kelle, ɗan manomi da ɗan makiyayi. Sun yarda da juna kan rijiya da masallaci da tudun rairayi. Da aka zo kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, ɗan makiyayin ya ja layi ta tsakiyar gonar uban ɗayan.

"Nan gonarmu ce," in ji ɗan manomin.

"Bana ta zama gonarku. Bara ta nan muka bi."

"Shanunku ɓarayi ne!"

"Ubanka ya fi su ci."

A wurin horo wannan ake kira muhawara. Na ba su maki mafi yawa, na sa hannu da jan biro, na manna takardar a bango.

Ranar kasuwa manomin ya same ni a bakin aji. Bai yi sallama ba.

"Mushe, yaushe aka naɗa ka mai gari?" Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu.

Na ce, "Baba, aikin yara ne."

"Yaran ne suka sa hannu da ja?"

Ashe maganar burtalin na gaban mai gari tun damina, kuma makiyayan sun je sun ce takardar gwamnati na nan a bangon lakwal, wato makarantarmu, ta ba su gaskiya. Manomin ya ce ko in goge layin a gaban ɗansa, ko ɗan ya tattara littattafansa yau ya koma gona, ba dawowa. Yaron ne na ɗaya a ajin. Na dubi direkta, shugaban makarantar, da ke tsaye kusa, ya ce shi tun farko bai ga amfanin wannan tsari ba, ya shige ofis.

Ban san inda burtalin yake ba. Ban taɓa zuwa ƙauyen ba. Na dai san wanda zan rasa.

Na cire takardar, na goge layin, aji na kallo. Manomin ya juya ya tafi shi kaɗai, ɗansa ya koma kan benci.

Ɗan makiyayin ya ɗaga hannu.

"Mushe, kuskure na yi?"

Na ce ya zauna. Ya zauna. Har ƙarshen shekara bai sake ɗaga hannu a darasina ba.