Iro Fantalo, Sarkin 'Yan Daji na Gaskiya

Malam Iro Tela ya rasu yau da asuba a asibiti a Kaduna. 'Yarsa Hadiza ce ta kira ni da safen nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin hantsi wani shafin intanet ya ɗauko tsohon hotonsa da jikansa ya saka don ta'aziyya. A ƙasan hoton akwai rubutun da mai hoto ya yi tun muna samari: Sarkin 'Yan Daji. Sai shafin ya ƙara nasa, wai wani tsohon jagoran 'yan bindigar Birnin Gwari ya mutu. Na karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasa. Wasu har da Allah ya ƙara.

Ina cikin hoton nan. Ni ne siririn da ke gefen hagu.

Ga yadda abin yake. Shekaru kaɗan bayan Turawa sun tafi, Iro ya dawo daga koyon ɗinki, ya zo da keken ɗinki da garmaho mai kunna faifan waƙa. Dattawa suka ce ba a kunna musu wannan abu a cikin gari. Sai muka koma wani fili a bakin daji, ƙarƙashin ɗorawa, duk ranar kasuwa bayan la'asar. Samarin Gbagyi suna zuwa da gangunansu daga Kazage, Musulmi da Kirista, a haɗa da faifan Iro. Mutanen gari suka fara ce mana 'yan daji don su muzanta mu. Iro ya ce sunan ya yi masa, mun karɓa.

A bakinmu, shiga daji na nufin zuwa rawa. Wando mai faɗin ƙafa da Iro ke ɗinkawa, wanda ya jawo masa laƙabin Fantalo, tsintsiya muke ce masa, don yana share ƙasa. Wanda ya iya tsalle a fage gwanki ne. Wanda ya zo ya tsaya yana kallo kuwa kututture ne.

Ni kututture ne, kuma har ya tsufa bai daina kira na haka ba.

Makaminmu ɗaya a dajin nan shi ne allurar garmaho.

Da zan tafi Kaduna neman aikin jarida, na kai masa yadi ya yi mini tsintsiya. Ya ɗinka wandon ya tsuke ƙafar. Na yi fushi. Ya ce edita ba zai ɗauki mai shara ba, in je in samu aikin tukuna. Na samu. Tsintsiyar ta biyo ni a motar kasuwa daga baya.

Makon jiya na je duba shi. Ya rame ƙwarai, amma bakin na nan. Ya tambaye ni ko ƙafata ta koyi wani abu, na ce har yanzu. Muka yi dariya har nas ta leƙo. Sannan ya ce:

“Kututture, 'yan bindigar nan sun ƙwace mana gona, sun ƙwace hanya. Sunan ma sun ɗauka ba su tambaya ba. Mu muka riga su shiga dajin nan, kuma da rawa muka shiga.”

Ya ce in ta Allah ta kasance a mayar da shi gida, kusa da mahaifiyarsa.

Hadiza ta sake kira ɗazu. Ta ce, “Baba, don Allah a sauke hoton nan ko'ina.” Tsoro take ji, kuma tana da hujja. A garinmu yanzu irin wannan suna ya isa ya sa a rufe wa gida ƙofa, ko abin da ya fi haka. 'Yan'uwanta suna shawarar a binne shi a Kaduna ba tare da sanarwa ba.

Na ce mata in muka ɓoye hoton mun amsa laifin da bai yi ba. Sai ta ce in rubuta, amma in sa sunana.

Ga shi na sa. Ga hoton kuma na sake sakawa. Na yi aikin jarida har na yi ritaya, ban taɓa buga abin da ban bincika ba. Mai shafin nan bai kira ko mutum ɗaya a garin ba. Duk wanda ya haura saba'in a Birnin Gwari, ko a Saminaka, ya san me ake nufi da 'yan dajin Iro. Ku tambaye su. Wanda ya yaɗa waccan magana ya yaɗa wannan ma.

Allah ya jiƙan Iro, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hadiza da ƙannenta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Limamin unguwarsu ya aiko cewa a kawo shi gida, shi zai sallace shi. Har zuwa yanzu iyalin ba su tabbatar da ko motar da za ta ɗauki gawar za ta kama hanyar Birnin Gwari ba.