Injin Malam Datti Ya Sha Man Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa kai auduga awo Makarfi a farkon mulkin kai ya san Malam Datti akawu. Gajere ne, alƙalami a kunne, goro a kunci, lissafi kuwa da baki yake yi, yana rangaji kamar mai tilawa. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin abu a bushe. Ƙyauren ofis ya yi ƙara, mai. Takalmi, mai. Kekensa kuwa har ɗiga yake yi.

Rannan sai manajan kamfanin auduga ya zo daga Zariya da wani baƙin ƙarfe mai maɓallai da hannu a gefe, ya dire masa a tebur.

"Injin lissafi ne, Malam Datti. Ran kasuwa ta sama zan dawo. In ka iya shi, to. In ba ka iya ba, 'yan makaranta na can suna jiran kujerar nan."

"Ranka ya daɗe, shi ma albashi za a yanka masa?"

Manaja ko murmushi bai yi ba. Malam Datti kuwa, kujerar nan ita ke ciyar da gidansa.

Ya duƙufa, ya danna nan, ya ja can, har ya gane kan abin. Sai dai duk sanda ya ja hannun, injin ya ce ƙiii. Ina Malam Datti zai jure! Ya je gida wajen matarsa Rahmatu mai ƙuli-ƙuli, ya miƙa kwalba.

"Malam, me za a soya a ofis?"

"Ke dai zuba. Baƙo gare ni, maƙogwaronsa ya bushe."

Ya ɗura wa injin mai son ransa. Ƙara ta ɗauke, Malam na ta yaba kansa. Ashe kiyashin Makarfi sun ji labarin walima. Ran kasuwa da safe ya tarar da su sun yi layi har gindin tebur, ƙurar auduga ta cakuɗe da mai, hannu ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Ya naɗe injin a zane, ya goya a keke, sai shagon Tukur tela. Tukur ya shinshina.

"Malam Akawu, ai saura albasa da yaji."

"Tukur, bar wasa. Yau ko ka cece ni, ko gobe ka gan ni ina saran rake."

Tukur ya wanke shi da kananzir da gashin kaza, ya ɗiga masa man keken ɗinki, suka shanya shi a rana.

Da azahar manaja ya iso, ya shiga karanto alƙaluma. Malam Datti na dannawa, yana bismilla a zuci. Ya ja hannu, takarda ta fito, lissafi daidai, sai dai ga tabon mai, ga kiyashi guda a manne.

Manaja ya ɗaga takardar. "Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, shi ma ɗan makaranta ne, kujerar ya zo nema."

Manaja ya yi ta dariya har da riƙe tebur. Malam Datti bai bar kujerar nan ba sai da ido ya gaza.