Wasan da Ya Tashi Gwaggo Daga Tabarmarta

A lokacin da abin ya faru ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a Lafiya, sabon ango mai ji da boko, wanda ba ya iya ganin gardama a waya ya wuce. Lokacin ana ta yayin maganar DNA a shafukan sada zumunta, kowa na ɗora sakamakon gwajin asalinsa. Ni kuwa na samu abin yi. Kullum ina bayanin yadda masana suka gano wannan rubutu na halitta da mutum ke gada daga iyayensa, ina yi wa jama'a kallon 'yan aji ɗaya. Abokaina farfesa suke ce mini da gatse, ni kuma ina amsawa da gaske.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai sayar da agushi a kasuwa. A gidanmu na gado a Adogi ba a suna sai da ita. Akwai wurin da ake shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin marigayiya kakarmu, a nan take rungume jariri wanzami ya yi masa aski, kuma daga hannunta yake komawa wurin uwarsa. Ni ma ita ta riƙe ni. Babban ɗanta taubashina ne, tun muna yara muke wasa mai zafi. Ya ce mini baƙauye, na ce masa tsintacce, manya su yi dariya su wuce.

Wata Sallah ya dawo daga ƙasar waje inda yake aiki, ya zo da kwalaben gwajin guda uku. Ni da shi da ɗan baffanmu muka tofa yawu a ciki, ya tafi da su. Muna so ne mu ga ko da gaske daga Barno kakanninmu suka zo kamar yadda ake ba mu labari. Da sakamako ya fito, ya nuna ni da ɗan baffa 'yan uwa ne na kusa. Shi kuwa taubashina, babu abin da ya haɗa shi da ko ɗayanmu.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ni da nake koyar da abin, na fi kowa sanin ba ƙaramar magana ba ce. Amma daɗin samun makamin tsokana ya rinjaye ni, na gaya wa kaina ai kuskuren na'ura ne. Na ɗauki hoton shafin na tura guruf ɗinmu na dangi, na rubuta cewa yau kimiyya ta gaskata ni, tsintacce dai tsintacce ne, na jera fuskokin dariya. Matasa suka yi ta dariya. Kafin la'asar hoton ya fita daga guruf, ban ma san wanda ya fitar ba.

Cikin kwana biyu magana ta canja kama. Wasu suka ce an yi wa Gwaggo musayar jariri a asibiti. Wasu kuma, Allah ya yafe mana, suka fara taɓa mutuncin kakarmu da ke kabari. Wannan ne ya sa mahaifina ya kira ni Adogi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mini yana da shekara bakwai wata baƙuwa ta zo aikin kwasar doya, ba wanda ya san garinsu, ta haihu a gidanmu ta rasu. Jaririyar da ta bari ita ce Gwaggo. Kakarmu tana goyon wani jaririn a lokacin, sai ta haɗa su ta shayar. Kakanmu ya tara manyan gida ya roƙe su kada wanda ya taɓa gaya wa yarinyar. Mahaifina ya ce shekara sittin mutanen da ba su san ko bihim ba suka riƙe wannan amana, ni mai digiri na watsar da ita kafin shayi ya huce.

Gwaggo ba ta da babbar waya. A kasuwa ta ji, daga bakin wata mai ciniki da ta miƙa mata hoton tana tambayar ko gaskiya ne. Na je gidanta a Akurba na durƙusa, na yi ta kame-kame ina cewa wasa ne. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ai ba ƙarya na yi ba. Abu ɗaya ta tambaye ni: ko wannan gwaji nawa zai iya gaya mata sunan matar da ta haife ta, don ta riƙa ambatonta a addu'a. Na ce ba zai iya ba. Ta gyaɗa kai, ta sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi.

Bayan wata biyar matata ta haifi 'ya mace. Ranar suna na shimfiɗa tabarmar da hannuna a ƙofar ɗakin kakarmu. Gwaggo ta zo da wuri, da turmin atamfa da ƙullin agushi, amma ta wuce ta zauna cikin maƙwabta. Da wanzami ya iso na ɗauki jaririyar na kai mata. Ta dube ta ta yi mata addu'a, hannuwanta na kan cinyarta, ta ce a kai wa masu gida. Mahaifina ya ce mata nono ɗaya ta sha da ƙaninsa, ko a addini ita 'yar'uwarsu ce. Ta ce ta sani, Yaya, a dai yi haƙuri. Haka aka yi askin, tabarmar ba kowa a kai. Taubashina kuwa har yau yana gaishe ni da ladabi, bai sake ce mini baƙauye ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ba gwajin nake zargi ba, gaskiya ya faɗa. Abin da na gane shi ne sakamakon da ke wayarka ba naka ba ne kai kaɗai, akwai iyayenka a ciki, da matattun da ba za su iya kare kansu ba. Duk wanda ya ga abin da bai gane ba a irin wannan takarda, ya ajiye wayar, ya nemi dattijon gidansu su zauna su biyu. Ni na goge saƙona tun a makon farko. 'Yata yanzu tana gudu, tana kiran Gwaggo da kaka, amma har yau Gwaggo ba ta koma kan tabarmarta ba.