Farar Ƙasar da Ke Cikin Jakata

"Malama, dubi sama." Ungozomar asibiti a Tambuwal ta ja fatar idona ƙasa, ta daɗe tana kallo. "Mi kika ci cikin wanga ciki?"

Na ce abinci.

"Ban da abinci nika tambaya."

Wata takwas rabona da rubutu a wannan shafi. Masu cigiyata, ga inda na shiga.

Bayoloji nake koyarwa. Shekara tara ina rubuta "pica" a allo: kwaɗayin abin da ba abinci ba, ƙasa, gawayi, alli. Sau da yawa alama ce jiki ya rasa sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Na sha ba ɗalibai sifili a kanta, sannan in koma ofis in gutsuri farar ƙasa daga jakata.

Surukata ke aiko min ita daga Kebbe, gasasshiya, tare da daddawa. "Kowace mai ciki na ci, ɗiyata. Fuɗu na haifa da ita."

Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ni a awo suna tayar min da zuciya, na ajiye su. Jiri da haki na kira su laulayi. Ƙasar kuwa tana hana hanji tsotsar ɗan ƙarfen da ke cikin abincina. Wannan ma yana cikin darasina.

Gwaji ya nuna jinina bai kai rabin yadda ya kamata ba. Leda biyu aka ƙara min, ɗaya ta maigidana, ɗaya ta ƙanensa.

Naƙuda ta zo a wata bakwai. Mace ce. Ta kwana biyu a duniya.

Surukata ta zo a kan babur, ta zauna bakin gado, ta zaro ƙullin farar ƙasar daga jakata ta ɗaure a gefen zanenta.

"Ni na ba ki," in ji ta.

"Inna, ke ba ki sani ba. Ni na sani."

Alhamdulillahi, na tashi. Allah ya saka wa waɗanda suka ba ni jininsu. Mai ciki, in ranki ya biya ƙasa, gaya wa ungozoma, a auna jininki. In ƙwaya ta dame ki, a canza miki, kada ki ajiye.

Jiya na koma awon ƙarshe. Ungozomar ta sake jan fatar idona.

"Ya yi ja, Malama. Tafi gida."

Na yafa mayafina yadda na zo, ba goyo a bayana, na ja mata ƙofar.