Aikin Yelwa da Musaddiq Ya Riƙa Yi

Musaddiq ɗana ne na uku. A Ƙofar Wambai aka haife shi, a nan ya girma, daga nan kuma aka kai shi makwancinsa a daminar da ta wuce, bayan gajeruwar jinyar ciwon hanta. Allah Ya jiƙansa.

Aikin gona ya karanta a jami'a. Wani kamfani ya ɗauke shi, mai manhajar da manoma ke yi wa tambaya ta waya, ƙirƙirarriyar basira ta ba su amsa da Hausa. Kafin amsa ta isa ga manomi sai mutum ya duba ta, kada na'ura ta sa a fesa wa wake maganin ciyawar masara. Musaddiq ne shugaban masu dubawar. Wasu suna zuwa ofis a Fadaman Mada, wasu suna aiki daga gida. Manyan kamfanin suna Abuja, ba su taɓa ganin fuskar yawancinsu ba. Na'urar ce ke raba aiki, ita ce ke auna abin da kowa ya yi ta aika musu.

Shi bai iya shugabantar mutanen da ba ya gani ba. Ranar Alhamis yakan hau babur ya zaga gidajen masu aiki daga gida, ya gaisa da iyaye da mazaje, ya sha ruwa, ya dawo. A wannan zagayen ya gane halin da Yelwa take ciki. Tana cikin masu dubawar, tana zaune a Tirwun, mijinta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, taransifomar unguwarsu kuma ta ƙone. Albashinta ne ke riƙe da gidan. Na'urar ta riga ta fara sa wa sunanta jan launi, alamar ba ta cika aikinta.

Sai ya karɓi lambar sirrinta ta shiga manhajar. Idan ya gama nasa aikin ya ci abinci, ya zauna a tabarmar tsakar gida ya yi rabin nata da sunanta.

Na tambaye shi, "Me ya hana ka faɗa wa na Abuja gaskiya?"

"Baba, in na ce ba ta da wuta, cewa za su yi a nemo mai wuta."

"To kai ne janaretanta?"

Ya yi dariya. "Janareta ai mai yake sha. Ni tuwon Umma kawai."

A wurinmu sunan wannan rufin asiri. Babu wanda zai ji ya ce ya yi laifi. Amma na'urar ba ta san mutum biyu ne ba. Ta ga Yelwa na gama aiki da wuri, ta ƙara mata. Ya ƙara zama a kan tabarma, ta sake ƙarawa. Har Abuja suka yaba mata a taron da suke yi ta bidiyo, suka ce sauran su yi koyi da ita. Ya gaya mini ranar kashe kyamararta ta yi don kunya.

Da ya rasu, ba a naɗa wani a madadinsa ba. Sun ce tawagar na tafiya daidai, na'urar ta isa.

Bayan sadakar arba'in Yelwa ta zo. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. An aiko mata gargaɗi na ƙarshe. Aikin mutum biyu ake nema a hannunta, kuma har yanzu babu wuta.

"Baba, sun ce na canza hali. Wallahi ban canza ba. Yadda nake ɗin nan, haka nake tun da."

Na karɓi lambar ogansu na Abuja, wani mai suna Luke, na kira shi. Na ɗauka idan mutum ya ji labarin daga farko zai gane. Ya yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ya ce Musaddiq ba shi da na biyu. Na faɗa masa komai a jere: mijin, taransifomar, tabarmar. Na roƙe shi a mayar da aikinta yadda yake kafin a ƙara mata.

Luke ya ce, "Baba, kana nufin ta ba wani lambar sirrinta?"

"Shugabanta ta ba. Shi ya nema."

"Da ba ka faɗa mini a wannan layin ba. Na'ura na naɗar duk kiran da ya shigo, ta kai wa sashen ladabtarwa. Ba ni da ikon gogewa."

Kafin ƙarshen makon aka sallame ta, ba don gazawa ba, sai don saɓa ƙa'idar tsaro, wanda ke nufin ba za su ba ta takardar shaidar aiki ba. A rahoton an ambaci Musaddiq da cewa ya ɓoye wa kamfani bayanai.

Na je Tirwun da kaina na gaya mata yadda aka yi. Ta saurara har na gama. Daga ɗaki mijinta ya kira ta. Ta ce, "Ba komai, Baba, Allah Ya saka da alheri," ta tashi ta shiga ta juya shi a shimfiɗarsa.